Irin Tumatirin da Malam Ya Bari

Ni ban yi boko ba, na allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ce ke rubuta wannan. Ta zo ganina daga inda take aiki, na ce ta ɗauko biro tun ina iya tuna abin daki-daki. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya lallashina, ta jira kawai, zan ci gaba.

Malam, mijina, ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Mun fi shekara arba'in tare. Masunci ne tun tasowarsa, amma da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala sai ya bar wa ƙaninsa jirgi, ya koma lambunsa na bakin ruwa, ƙasa da garinmu a nan yankin Ngaski. Albasa yake yi kamar kowa. A gefe guda kuma akwai kunya biyu na tumatir waɗanda ba na sayarwa ba ne.

Ba irin tumatirin kasuwa ba ne mai santsi. Ƙanana ne, masu tsaga-tsaga a jiki, masu tsami, guda biyu sun ishi tukunyar miyar tarwaɗa. Uwarsa ce ta ɗauro irin a bakin zaninta lokacin da ruwa ya ci tsohon gari aka tashe su. Duk shekara Malam zai zaɓi 'ya'yan da suka fi nuna, ya matse su a kan wani tsumma, ya shanya a inuwa, ya naɗe ya soke a rufin ɗakinsa. Ban san kowa da ke da wannan iri ba bayan shi. Mutane sun koma na takarda da ake sayarwa a Yelwa. Shi kuwa ya ce bakinsa bai san wancan ba.

Kwana bakwai da rasuwarsa, ƙaninsa ya tsaya daga bakin ƙofata, ya yi sallama, ya ce, "Yaya, tsumman nan na rufin ɗaki, ki ba ni in yafa. Lokaci na wucewa."

Gaskiya ya faɗa, yanzu na sani. Amma a ranar ba haka kunnena ya ji ba. Na ce a raina, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba har an fara leƙa rufin ɗaki. Ya aka yi ya san inda tsumman yake? Sai na tuna shi ne ya shiga ɗakin ranar da aka tattara rigunan Malam, kuma ya daɗe a ciki. Na ce masa sai na duba. Yana juya baya na ɗauko tsumman na cusa a cikin matashin kaina. Har ranar arba'in ina kwana a kansa. Yana warin hayaƙi da hannun Malam, in na sa hanci sai in yi ta kuka har filon ya jiƙe, sai kuma in tsorata kada hawayen su sa irin ya tsiro, in ciro shi in shanya.

Bayan sadakar arba'in na yanke shawara ni zan shuka. Ina cikin takaba, ba ni da halin sauka bakin ruwa, saboda haka sai a cikin gida. Na samo wani guntun tsohon jirgi da kaji ke kwana a ciki, na cika shi da ƙasa, na kankare tsumman a kai. Duka na kankare, ban bar ƙwaya ɗaya ba. Malam bai taɓa yin haka ba, kullum yakan bar rabi saboda halin shekara. Ni na yi ne don in an sake tambayata in ce babu, ba tare da na yi ƙarya ba. Ki rubuta wannan yadda na faɗa. Daga ranar nan, duk abin da ya rage na irin uwar Malam a duniya yana cikin guntun jirgin nan. In bai yi 'ya'ya ba, shi ke nan, ya ƙare a hannuna.

Da yawa sun tsiro, da yawa kuma sun kwanta sun mutu tun suna ƙanana. Goma sha biyu na samu na dasa. Na dasa su a wani lungu bayan ɗakina, tsakanin bangon ɗakin da bangon murhun da nake bandar kifi. Na zaɓi wurin ne don ba mai wucewa ta nan, kuma ina ganinsa ta taga. Bandar ban daina ba, tun da a cikin gida take. Ƙanin Malam na kawo kifi kullum da hantsi, in fafe, in wanke, in jera a kan wuta. Ruwan wankin kifin, da jininsa da ɓawonsa, shi nake kwarara wa tumatirin. Na taɓa ganin Malam ya binne hanjin kifi a gindin mangwaro, na ce abin da ya yi wa mangwaro amfani ba zai cuci tumatir ba. Safe da yamma nake ba su, kamar mai jinya.

Kaji suka fara tsattsage ganyen. Na rasa abin kare su, sai na kwance gidan sauron gadon Malam na kafa sanduna na lulluɓe su da shi har ƙasa, na danne gefen da duwatsu.

Suka tashi kuwa, kamar ana jan su. Kafin wata guda da dashe sun kai ni ƙirji. Kara kamar babban yatsa, ganye baƙi ƙirin don kore. Ban taɓa ganin na Malam ya yi haka ba. In na zauna a taga ina kallonsu sai in ji kamar na yi masa wani abu da zai gode.

Akwai wata maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Mutanen tudu ne, daga wajen Shanga iyayenta suka fito, manoma ne, Kirista ce. Mijinta ya riga nawa tafiya da shekara shida. Mun fi shekara talatin muna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi wannan da ke rubutu. Tana ce mini 'yar ruwa, ina ce mata 'yar dutse. Tun da aka yi rasuwar ba ta fasa shigowa ba, wani lokaci da kunu, wani lokaci hannu sake, ta zauna kawai kusa da ni muna tsinkar zogale ba mai magana.

Wata rana, tumatirin ya fara fure ke nan, ta zo ta iske ni a lungun ina ba su ruwa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta leƙa ta cikin gidan sauron, ta fashe da dariya.

"Kai, 'yar ruwa! Wannan tumatir ne ko rama? Wannan ganye haka! Miyar ganye za ki yi muna?"

Na ci gaba da ba su ruwa. Ta ƙara cewa, "Har da gidan sauro, kamar jariri." Ta buɗe baki za ta ƙara wata maganar, sai aka kira ta daga gida, ta tafi.

Ba ta ce tubarkalla ba. Na san ba kalmarsu ba ce, amma ta zauna cikinmu ta iya ta, na sha jin ta faɗa wa jarirai. Ranar ba ta faɗa ba.

Da safe na ɗaga gidan sauron na ga fure uku a ƙasa. Rawaya, ba su ko yanƙwane ba, sun tsinke ne daga wata 'yar gaɓa da ke wuyansu, kamar an sa farce. Na tsince su na riƙe a tafin hannu. Washegari biyar. Bayan nan na daina tsinta, don kullum ƙasan sai ta yi rawaya. Furen zai fito da kyau, ya buɗe, ya kwana biyu ko uku, ya faɗi. In duba inda ya bari ko zan ga ɗan kore kamar ƙwayar wake, babu, sai tsinke.

Daga nan zuciyata ta fara aiki. Mai takaba ba ta da abin yi sai tunani, kuma nawa bai tafi wuri mai kyau ba. Na ce bakin maƙwabciyata ne. Na tuna shekarar da ta yaba wata akuyata, akuyar ta yi ɓari. Na tuna lokacin da Malam ya ba ta tumatir ta ce ya cika tsami, amma ta cinye. Na tuna ta taɓa tambayarsa iri ya ce sai baɗi, baɗin kuma bai ba ta ba. Abubuwan da na manta shekara ashirin duk suka dawo suka jeru a gabana, kowanne da shaidarsa.

In na gaji da ita sai in koma kan ƙanin Malam. Me ya daɗe yana yi a ɗakin ranar nan? Ko ya ɗauke tsumman gaskiya ya soke wani? Tsumma ai tsumma ne. Na Malam bai taɓa yin wannan ganye ba, to ko ba nasa ba ne nake ta wahala a kai? Na fara duba shi in ya kawo kifi, ko zan ga alama a fuskarsa. Shi kuwa sai ya ajiye kwando ya ce, "Yaya, yaushe za mu ci tumatirin amarya?" In ji kamar ya watsa mini barkono. Da can wasa muke da shi, irin na ƙanin miji, yana ce mini tsohuwa ina ce masa ragon masunta. Yanzu ko wasan ya yi sai in auna shi in juya shi.

Abin da na yi kuma, sai na ƙara rufe su. Na ɗora nawa gidan sauron a kan na Malam. Na jingina tsohuwar tabarma ta wajen katangar maƙwabciyata, don ko ta hau turmi ba za ta gani ba. Bakin lungun na toshe shi da asabari. Na kifa baƙar tukunya a kan sanda. Ina tofa musu duk addu'ar da na iya. Na ƙara musu ruwan kifi, na ce ko yunwa ce. Furen ya ƙara zuba.

Ita kuma na fara gudunta. In na ji takunta sai in kwanta in juya fuska bango. Ta yi sallama sau biyu, ta ajiye kunu a bakin ƙofa, ta tafi. Kunun ba na sha, kaji nake zuba wa, in tsaya in ga ko wani abu zai same su. Ba abin da ya same su, ƙiba ma suka yi. Matar da ta riƙe ni a kan gwiwa nake yi wa haka. Dakata kaɗan, 'yata.

To. Ranar da na fita takaba gida ya cika da mata. An yi waina, an yi mini kitso, kowa na ce mini Allah Ya ba da haƙuri. Ranar ba a hana kowa shiga, ita ma ta zo, ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ta shiga cikin masu raba abinci. Sanyi ya fara ja baya a lokacin, rana ta fara cizo. Ina zaune a tsakar gida ana ta surutu, idona na kanta. Wajen azahar na neme ta na rasa. Na duba wajen murhu babu, na duba zaure babu. Sai na ga asabarin lungun a karkace.

Na tashi ban ko sa takalmi ba. Na iske ta a durƙushe, rabin jikinta cikin gidan sauron, ga wasu 'yan rassa kore a zube gefenta. Tsinke su take yi.

Na ce, "Ashe ke ce."

Ta fito da kanta, gumi na zuba daga goshinta. "Ni ce mi?"

"Bakinki bai ishe ki ba sai kin sa hannu? Me Malam ya yi miki? Me na yi miki?"

Ta dube ni. Na ga ta gane komai a lokacin, da kunun da kwanciyar ƙarya. Ta share gumi da bakin zani ta ce, "Ashe abin da ke cikinki ke nan. To na ji. Za mu yi wannan magana wata rana. Yanzu zo nan, miƙo hannunki."

Na ƙi. Ta kama hannuna da ƙarfi, ta fi ni ƙarfi tun muna da sauranmu, ta cusa shi cikin gidan sauron har kafaɗa.

"Mi kika ji?"

Zafi na ji, mai ɗumi da ɗoyi, kamar na sa hannu a bakin dabba. Kullum da sanyin safiya da yamma nake shiga wurin, ban taɓa shiga da tsakar rana ba. Ta ɗora tafina a bangon murhu. Wuta ba ta ci ranar ba, amma bangon da sauran ɗumin jiya a jikinsa.

Ta ce, "Kifi kike bandawa ko tumatir? Ke in aka sa ki nan, aka rufe ki da gidan sauro biyu da tabarma, aka hura miki wuta a baya, kya haihu?"

Wasu mata biyu da suka biyo mu suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta ɗebo ƙasar gindin ta kai mini hanci. Baƙa ce, jiƙe jagab, tana warin ruɓaɓɓen kifi. "Wannan kuma ya yi yawa. Kin cika masa ciki. Shuka in ta ƙoshi haka ganye take yi, ba ta tuna 'ya'ya. Shi ne na so in gaya miki ranar nan aka kira ni, da na dawo kuma kullum barci kike." Ta nuna rassan da ta tsinke. "Waɗannan na hammata ne, tsakanin kara da ganye suke fitowa. Ci kawai suke yi."

Na ce, "Malam bai taɓa tsinke wa nasa komai ba."

"Malam bai taɓa ba nasa romon kifi safe da yamma ba."

Sannan ta cire baƙar tukunyar nan da na kifa a kan sanda, ta juya gindinta a ƙarƙashin wani fure da ya buɗe, ta ɗan ɗalli wuyan furen da yatsa. Wani gari rawaya, kaɗan ƙwarai, ya sauka a kan baƙin tukunyar. Ta ce in duba da kyau.

"Shi ne ke sa 'ya'ya. A cikin furen yake, kuma a cikin furen zai faɗa, amma sai an girgiza shi. A bakin ruwa iska ke yi wa Malam wannan aiki, tun safe take kaɗawa, da manyan ƙudajen nan masu gunji. Nan ina iska? Ina ƙuda? Sauro ma ya kasa shiga. Furen ya jira, ya ga ba abin da ya same shi, ya faɗi. In zafi ya yi yawa kuma garin kansa mutuwa yake. Kin makara da shuka, bazara na bakin ƙofa. In za ki yi, yau za ki yi."

Ta gaya mini abin yi. In yaye rufin duka. In daina ruwan kifi, in koma ruwan rijiya, sau ɗaya da safe, a gindi, ba a bari ya bushe ƙaƙas ba kuma ba a mai da shi taɓo ba. In barbaɗa toka kaɗan nesa da kara. In ɗauke wutar banda daga bangon nan. Kullum da hantsi, in raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, in bi sandunan da na ɗaure su ina bugawa a hankali. Ta kakkaɓe zaninta ta koma wajen rabon waina, ta bar ni tsaye da tukunya a hannu.

Kina tsammani na yarda? Ban yarda ba. Na ce a raina, wanda ke son ya ga abu da idonsa, me zai ce in ba a buɗe ba? In na yaye rufin ai na miƙa mata su ke nan. Amma zafin da na ji a hannuna ba ita ta gaya mini ba, ni na ji. Garin nan ma na gani. Na yini ina juya abin, mutane na yi mini sallama ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Abin da na yi shi ne na raba su biyu. Shida na bakin lungu, waɗanda suka fi nesa da murhu, na yaye musu, na janye asabari da tabarma daga wajensu, na yi musu duk abin da ta ce. Shida na ciki na bar su a rufe yadda suke, da ruwan kifinsu. Na ce in ƙarya take, rabi ta ci. Wutar dai na ɗauke ta gaba ɗaya, don ba a raba zafi biyu. Da ƙanin Malam ya kawo kifi na ce daga yau a ƙofar zaure zan yi banda, ya jera mini duwatsu a can.

Ya ce, "Yaya, an fita takaba jiya, yau har an fito ƙofar gida? Bari in sanar da tsofaffin unguwa su wanke riguna."

Na ce, "Jera duwatsu, ragon masunta." Shi ne karo na farko da na mayar masa da wasa tun rasuwar. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya sunkuya yana jera duwatsun.

Kaji kuwa ba su manta hanya ba. Na shiga ɗakin Malam na ɗauko wani tsohon kallinsa, ragar kamun manyan kifi ce, idonta na shige yatsa uku. Har yanzu da ƙullin da ya yi da hannunsa inda ta yage. Na zauna a ƙasa da ita a cinya na yi kuka mai isata, sannan na fita na kewaye shidan da ita. Kaza ba ta shiga, iska na wucewa.

Kullum da hantsi ina bin sanduna ina bugawa da muciya. Ina bugawa ina kallon katanga. Sau ɗaya na ga ɗankwalinta ya wuce, na tsaya cak har ya ɓace. Kwana uku fure na ci gaba da zuba, a buɗaɗɗun da rufaffun duka. Na ce to, ga shi nan, ta gama da ni. Rana ta huɗu na ga wani baƙin ƙuda babba ya shigo ta idon ragar, ya rataya a jikin fure yana gunji har furen na rawa. Na riƙe numfashi har ya gama.

Rana ta tara, ko ta goma, na ga wani fure ya bushe a wurinsa bai faɗi ba. Na sa yatsa na ture busasshen a hankali. A ƙarƙashinsa ga ɗan kore, bai kai ƙwayar wake ba. Na zauna daɓas a ƙasa. Ban kira kowa ba, ban gaya wa kowa ba, na ja ganye na rufe shi.

Cikin mako guda suka zama bakwai, duk a buɗaɗɗun. A rufaffun ko ɗaya. Sai a lokacin na yaye musu su ma, na daina ba su ruwan kifi. Amma bazara ta riga ta sauka. Da hantsi ma ƙasa na ƙona ƙafa. Suka yi ta fure suna zubarwa har suka gaji. Shida cur, ba su ba ni ɗa ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi musu haka sai ni. Na buɗaɗɗun ma daga goma sha ɗaya suka tsaya. Na kafa musu rumfar kara sama-sama don ranar azahar. Biyu suka yi baƙi a gindi suka ruɓe. Tara suka rage.

Da suka kai girman ƙwan kaza na ga tsaga-tsagar ta fito a jikinsu. Na Malam ne, ba wanda ya canza tsumma. Ranar na zuba wa ƙaninsa tuwo da kan giwan ruwa, ya ce me aka yi, na ce ba komai, ci kawai.

Ita kuwa ba ta sake shigowa ba tun ranar fitar takaba. Gishiri ma ya daina hawa katanga. Da tumatirin suka nuna ja wur, na tsinko su tara a ƙwarya, na tsaya ina kallonsu, na ga ban san yadda Malam yake yi ba. Matsewa a tsumma na sani, amma na tuna yakan bar su a wani kasko kwana biyu kafin nan, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Shekara arba'in ina wucewa ta gefen kaskon nan. Na ji tsoron in ɓata na ƙarshe da hannuna. Na yafa mayafi na zaga ta ƙofarta.

Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni ta dubi ƙwaryar.

"'Yar ruwa, yau an tashi daga barci?"

Na ce, "An tashi." Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabanta, sai hawaye.

Ta ce, "Kununa da kika ba kaji, na ji suna godiya ta kan katanga. Share fuskarki, kada ki sa masa gishiri." Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Ki yanka mu gani. Wanda ya ɗauka cikin zafi ba ya cika iri, kada ki sa rai da yawa."

Muka yanka. Gaskiyarta, wasu ɗakunan cikin babu komai sai ruwa. Guda biyu ma ba ƙwaya ko ɗaya. Abin da muka tara duka bai rufe gindin ludayi ba. Ta ce a bar shi a kasko kwana biyu ya yi tsami, yauƙin ya saki, a wanke, wanda ya taso saman ruwa a zubar, fanko ne. Da muka wanke kusan rabi ya taso. Ina kallo tana tsiyaye su a ƙasa, na kusa riƙe hannunta. Na bar ta dai, amma sai da na bi wurin da ido.

Sauran muka shanya a inuwa, muka gauraya da toka. Na ce ni fa ban yarda suna da rai ba, ba zan iya zama har kaka ina jiran abin da ban sani ba. Ta ce to a gwada. Muka ɗebi biyar muka sa a jiƙaƙƙen tsumma, na kai gindin randa inda ya fi sanyi. Kullum ina buɗewa, tana yi mini faɗa ta kan katanga wai in bar su su sha iska. Kwana huɗu ba komai. Na biyar ba komai. Ran na shida da safe na buɗe, uku sun fasa, kowanne da ɗan farin wutsiya.

Na raba ragowar kashi uku a ranar. Na aika wa ƙanin Malam nasa, na ce ya yafa rabi ya ajiye rabi, in ya yafa duka ni da shi ne. Nata na miƙa mata ta kan katanga, ta ce za ta kai wa ɗanta a tudu, can ya fi iska. Nawa yana cikin wata kwalba, ba zan faɗi inda take ba, kada ki rubuta ko kin sani. Da kaka, in Allah Ya kai mu, zan sauka lambun Malam da kaina. Ban taka wurin ba tun da ya tafi.